MGB: Motar da Tsatsa Ke Ci Daga Ciki

'Yan uwa ɗalibai, bari in fara da tambaya irin ta jarrabawa, amma wadda babu maki a kanta. A ce kana Ingila, an kai ka wurin dillalin tsofaffin motoci, ya nuna maka MGB guda biyu, duk ƙirar 1970, kuɗinsu ɗaya. Ta farko ja ce wur, fenti sai ƙyalli, kana murɗa makulli ta tashi, inji na kaɗawa lafiya lau. Ta biyu fentinta ya koɗe, kujeru sun yage, injin kuwa ko tari ba ya yi. Sai dai da ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinsu, ta farko an shafe cikinta da baƙin kwalta mai kauri, sabo fil. Ta biyu kana ganin ƙarfenta a fili, in ka ƙwanƙwasa ya amsa maka. Wacce za ka ɗauka?

Na jefa wa abokan ajinmu wannan tambaya, mafi yawansu suka ce ta farko, har da mai cewa ai mota inji ce. Wanda ya san MGB kuwa ta biyun zai ja zuwa gida, ko da da igiya ne. Dalilinsa shi ne darasinmu na yau.

Na san wani zai ce, mu da ko keke ba mu mallaka ba, me ya haɗa mu da motar shaƙatawar Turawa? Gaskiyarka. Amma ni da nake shekarar ƙarshe ta difloma a sashen injiniyan kanikanci, ban ga motar da ta tattara abin da aka koya mana a fili kamar wannan ba. Babu kwamfuta a cikinta, babu inda za ka soka na'ura ta karanto maka cuta. Idonka ne, da kunnenka, da ɗan ma'aunin da ke aljihunka. Nan da 'yan watanni da yawanmu za mu fita aikin koyon sana'a na shekara guda, kuma ranar da oga zai ce "je ka duba min waccan motar" tana nan zuwa.

Da farko, wace ce ita? Kamfanin MG ne ya ƙera ta a garin Abingdon, kusa da Oxford, daga 1962 har zuwa Oktoban 1980 da aka rufe masana'antar. An yi sama da rabin miliyan, kuma mafi yawansu Amurka aka kai. Ta asali kujera biyu gare ta, da rufin tamfol da ake naɗewa baya. A 1965 aka fito da mai rufin ƙarfe, wadda ake kira GT, da taimakon masu zanen mota na Pininfarina da ke Italiya. Injinta silinda huɗu ne, cc 1798, ƙarfin doki wajen 95, gudunta ya ɗan haura mil 100 a awa, wato kilomita 160 da ɗoriya. Yau ƙaramar motar gida ma za ta wuce ta a titi. A ƙarshen 1974, saboda dokokin Amurka, aka cire bambar ƙarfe mai sheƙi aka sa baƙar bamba ta roba, aka kuma ɗan ɗaga motar sama. Masoyanta har gobe ba su huce ba, shi ya sa mai bambar ƙarfe ta fi tsada.

Jiki shi ne motar

MGA, wadda ta riga ta, tana da casis, wato firam ɗin ƙarfe mai kauri wanda ake ɗora bodi a kansa, kamar yadda ka gani a babbar mota. MGB ba ta da shi. Bodin ne da kansa ke ɗauke da inji da giya da fasinja, shi ne kuma ke shanye duk wani rami da taya ta faɗa. Falankin ƙarfe ne marar kauri aka lanƙwasa aka yi wa walda, siffar ce ke ba shi ƙarfi.

A mota mai rufin ƙarfe, rufin na taimakawa wajen riƙe gaba da baya. To cire rufin fa? Sai nauyin ya koma kan ramin da sandar juya tayoyin baya ke bi ta tsakiyar mota, da kuma dogayen akwatuna biyu da ke kwance ƙarƙashin ƙofofi, dama da hagu. Turawa na ce musu sil, ni kuwa zan kira su dokin ƙofa, tunda su kake tsallakewa in za ka shiga. A MGB kowane dokin ƙofa ƙarfe huɗu ne a haɗe: na waje da kake gani da fenti, na ciki da kafet ya rufe, wani siriri a tsaye a tsakaninsu, sai na ƙasa da ya rufe gindin. Kuma na wajen bai tsaya iya faɗin ƙofa ba, ya shige bayan fendar gaba da ta baya, inda ido ba ya kaiwa.

Ku tuna darasin ƙarfin kayan aiki. Ɗauki kwalin sabulu a rufe ka gwada murɗa shi, za ka ji yana turjewa. Tsaga gefe ɗaya daga sama har ƙasa ka sake murɗawa, sai ka ji ya bi hannunka kamar tsumma. Kwalin bai rage nauyi ba ko kaɗan, rufaffiyar siffar ce ta tafi. Haka dokin ƙofa yake. Da zarar tsatsa ta cinye ƙarfen ƙasa ko na tsakiya, akwatin ya zama tsagaggen kwali, ko da na wajen na nan yana ƙyalli.

Ita kuwa tsatsa a Ingila gida ta samu. Ƙasa ce mai ruwan sama kusan duk shekara, sannan in sanyi ya yi, hukuma na watsa gishiri a kan titi don ya narkar da ƙanƙara. Ƙarfe da ruwa da iska su ne ke haifar da tsatsa, gishiri kuma ya sa ruwan ya fi ɗaukar lantarki, sai cin ƙarfen ya ƙara sauri. Tayar gaba na watsa wannan ruwan gishiri da laka a bayan fenda, lakar ta taru ta riƙe danshi wata da watanni. Akwai 'yan ramuka a ƙasan dokin ƙofa don ruwa ya tsiyaye, amma datti na toshe su, wani lokaci ma mai fenti ne ke toshe su da hannunsa. A zamanin da aka ƙera motar ba a shafa wa cikin waɗannan akwatuna wani abin kirki ba. Don haka daga ciki take farawa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki da yawa, shi ya sa take kumbura fenti. In ka ga ƙuraje a jikin fenti a ƙasan fenda, kada ka ce yanzu ta fara. Ta gama huda ƙarfen ne ta leƙo waje.

Nan ne marasa tsoron Allah ke shigowa. Maimakon a yanke ruɓaɓɓen a sa sabo, sai a samo falankin ƙarfe mai siffar dokin ƙofa a kifa a kan tsohon, a ɗan ɗiga walda, a cike gefe da foti, a fesa fenti, a shafe ƙasa da kwalta. Kitso da ƙwarƙwata ke nan. Motar za ta yi kyau a hoto, ta kuma yi tafiya, har ranar da wata motar za ta buge ta ta gefe.

To yaya za ka gane? Fara da tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi. Ya kamata ta zama daidai daga sama har ƙasa. In ta matse ta sama ta buɗe ta ƙasa, motar ta fara lotsawa a tsakiya. Buɗe ƙofar ka rufe, ka ji ko tana gogar wani wuri. Sannan, da izinin mai ita, sa jak a wurin da aka tanada ka ɗaga gefe ɗaya, ka sake gwada ƙofar. In ta cije, ko ka ji ƙarfe na ƙara kamar ana taka busasshen ganye, sauke ta a hankali ka yi sallama. Ɗaga kafet ka danna ƙarfen ciki da babban yatsa. Leƙa bayan tayar gaba, akwai wani ɗan faranti da ke tare laka, bayansa ne cutar ke kwana. Duba inda sifirin ɗin baya ya kama bodi, don in wurin ya ruɓe, tayoyin baya ba su da mariƙa. Duba akwatin batir a bayan kujeru, inda ruwan batir ke taya gishiri aiki. In ka buɗe but ka ji warin fetur, zargi saman tanki, domin ruwa na kwanciya a kansa ya huda shi ta inda ba a gani.

Kada ka je ba mayen ƙarfe a aljihunka. Naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti, ka bi ƙasan mota da shi. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya saki, foti ne. Amma kada ka yi wa mutum sharri a banza: bonet ɗin motocin shekarun 1960 na alminiyam ne, mayen ƙarfe ba ya kama shi ko sabo ne.

Gyaran gaskiya aiki ne mai tsawo. Sai an cire fendar gaba ko an yanke ƙasanta, an yanke ƙasan ta baya, an gitta ƙarfe a bakin ƙofa an yi masa walda don kada motar ta lanƙwashe in an cire abin da ke riƙe da ita. Gefe ɗaya ake yi a gama kafin a taɓa ɗayan, ana yi ana gwada ƙofa. Ba kuɗin ƙarfen ne matsala ba, awoyin mai walda ne, kuma a Ingila awar ma'aikaci ba ta wasa ba ce. Inji kuwa ka sauke shi, ka kai a gyara ko ka sayi wani, ka mayar cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa mai fenti koɗaɗɗe da mataccen inji ta fi jar nan mai sabuwar kwalta. Abin ya kai har a 1988 kamfanin British Motor Heritage ya tattaro ainihin injinan da aka buga bodin da su tun farko, ya koma ƙera sabon bodin MGB ɗungurungum, don mutum ya kwashe kayan ruɓaɓɓiyar motarsa ya zuba a ciki. Wanda tasa ke da lafiya kuwa, aikinsa shi ne wanke ƙarƙashinta bayan sanyi, da zura waya a ramukan tsiyayar ruwa, da fesa wani kakin mai a cikin akwatunan lokaci-lokaci.

Wannan ɓangaren ya shafe mu kai tsaye. Da yawa daga motocin da ake shigo mana da su na hannu daga Turai da Amurka sun yi rayuwarsu a kan irin wannan titi mai gishiri, kuma kusan duk ƙananan motocin yau bodi ne ke ɗauke da su, kamar MGB. Lokacin da na yi aikin koyon sana'a na wata huɗu a wani gareji, na lura mai saye zai sa a taka totur sau goma, ya kunna rediyo, ya gwada sanyin ciki, amma da wuya ka ga wanda ya shimfiɗa kwali ya kwanta ya leƙa ƙasa.

Inji

Injin MGB na baƙin ƙarfe ne sama da ƙasa, dangin wanda kamfanin ya sa a motocin gida irin su Morris Marina har da ƙananan motocin ɗaukar kaya, don haka kayan gyaransa ba sa wuya. Na farko-farko wuri uku ne ke riƙe karanshaf ɗinsu, daga ƙarshen 1964 aka mayar da su biyar, injin ya ƙara juriya.

Kafin a tada maka shi, ɗora hannu a kansa. In da ɗumi, mai motar ya riga ka, wataƙila yana ɓoye wahalar tashi ne ko hayaƙin safe. Abin da ya fi komai faɗar gaskiya shi ne agogon matsin baƙin mai da ke gaban direba. A kan tafiya ana son psi 50 zuwa 80, a silo kuwa 10 zuwa 25. Amma kada ka karanta shi da sanyi, lokacin mai na da kauri, ko mataccen inji zai nuna lamba mai kyau. Yi tafiyar minti ashirin tukuna. In allurar ta zube bayan ya yi zafi, metal sun cinye ko famfon mai ya gaji. Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa. Farin kumfa kamar madara a murfin mai na iya nufin ruwa ya shiga, ko kuma motar ba ta yin tafiyar da za ta yi zafi sosai.

Gwajin matsin silinda mun yi shi a wokshop, to ga inda yake aiki. Cire fulogi huɗun, buɗe totur gaba ɗaya, auna kowace silinda. Abin dubawa shi ne kusancin lambobin da juna, kada bambancin ya wuce wajen kashi goma cikin ɗari. In ɗaya ta yi ƙasa, zuba mata ɗan cokalin baƙin mai ka sake aunawa. Lamba ta tashi, ringi ne. Ba ta motsa ba, bawul ne. In biyu maƙwabta suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu.

Wani abu da ke ruɗa baƙo: wannan inji yana ƙas-ƙas-ƙas ta sama ko da lafiyarsa ƙalau. Tazarar bawul ce, wadda a yawancinsu inci 0.015 ce in injin ya huce, wato kimanin milimita 0.38. Bakaniken da ya matse ta don ƙarar ta ɗauke ya cuci mai mota, domin in ƙarfe ya yi zafi ya miƙe, bawul ba zai zauna sosai ba, wuta ta riƙa bi ta gefensa har ta ƙone shi. Akwai dabara mai sauƙi ta saitawa. Bawul takwas ne, ƙirga su daga gaba. In na 8 ya buɗe gaba ɗaya, saita na 1. In na 6 ya buɗe, saita na 3. Kullum jimlar biyun tara ce. Ni dai da a ce duk lissafin da ake ba mu haka yake, da ba wanda zai maimaita kwas.

Man da ya dace da shi mai kauri ne, 20W-50, irin na zamaninsa, ba siririn man motocin yanzu ba. Fetur ma ya canza a ƙarƙashinsa. An ƙera injin lokacin da ake zuba dalma a fetur, ita ce ke kare mazaunin bawul ɗin hayaƙi. Daga farkon 2000 aka daina sayar da irin wannan fetur a gidajen man Birtaniya, sai masu motar suka koma dasa mazauni mai tauri a kan silinda ko zuba wani magani a tanki. A Satumban 2021 kuma fetur na gama-gari ya zama E10, mai ɗauke da sinadarin itanol har kashi goma cikin ɗari, wanda ke cin tsohuwar roba yana kuma jan danshi. Tiyon fetur da ya tsage a saman salansa mai zafi, ba sai na faɗi abin da zai biyo baya ba.

Kafireta biyu gare ta, ƙirar SU, kuma wallahi ban ga na'ura mai wayo da sauƙi irinta ba. A cikin kowace akwai fistin da ke hawa da sauka, da allura mai tsini a ƙasansa da ta shiga ramin fetur. In inji ya ja iska da yawa, fistin ya ɗaga, hanyar iska ta buɗe, siririn ɓangaren allurar ya zo bakin ramin, fetur ya ƙaru daidai da iskar. Shi ke nan. A samanta akwai murfi da ake kwancewa a ɗiga ɗan mai, wanda ke hana fistin zabura in an taka totur. In man ya ƙare, motar ta riƙa shaƙewa wajen tashi, mai ita ya yi ta zargin abin da ba shi ne ba. Daidaita biyun kuwa tsofaffin kanikawa da tiyo suke yi: baki ɗaya a kunne, ɗaya a bakin kafireta, a saurari shuuu ɗin kowace har su zama murya ɗaya.

Sai dai kafireta ita ce ta ƙarshe a layi. Bawul tukuna, sai fulogi mai tazarar inci 0.025, sai kwantak mai tazarar wajen 0.015, sai lokacin wuta, sannan a taɓa ta. Yawancin abin da ake ɗora wa kafireta laifin wuta ne. Wanda ya fara da murɗa sukurorinta ya ƙara cuta ta biyu a kan ta farko.

Wayarin na kamfanin Lucas ne, wanda Turawa ke yi wa ba'a da laƙabin sarkin duhu. A ganina an ɗan zalunce shi. Mafi yawan matsalar datti ne da tsatsa a mahaɗar wayoyi da inda waya ta kama bodi. Ka ga tsatsa ta sake dawowa. Launin wayoyin ma karatu ne: ruwan ƙasa kullum da wuta kuma babu fiyus, fara sai an murɗa makulli, koriya ta makulli ce mai fiyus, baƙa ta bodi ce. Hattara da motocin kafin ƙarshen 1967, domin su kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da bodi, akasin abin da muka saba. Ka haɗa musu rediyon zamani yadda ka saba, ka ga hayaƙi. Har zuwa 1974 kuma batir biyu ne masu bolt 6 a jere, a ɓoye ƙarƙashin wani murfi bayan kujeru, inda ake mantawa da su har ruwansu ya ƙafe.

Ƙafar gaba tana juyawa ne a kan wani sandan ƙarfe da ake ce wa kimfin, mai 'yan nonuwan giris da ke son a ɗura musu duk mil 3,000, kusan kilomita 4,800. Motocin yanzu sun sa mun manta da bindigar giris, ita kuwa wannan in ta rasa, sai sitiyari ya yi tauri, sandan ya cinye. Mai tayoyin waya irin na keke kuma a duba haƙoran da suka riƙe taya a kan ƙafa. In kana jin ƙwas duk sanda ka tashi ko ka taka birki, sun gama cinyewa.

Zama ma cuta ne

Dillali zai ce maka, "Wata tsohuwa ce ke da ita, shekara goma tana gareji, mil kaɗan ta yi." Kada wannan ya sanyaya maka rai. Na ɗaya, mitar MGB lamba biyar ce, in ta kai 99,999 sai ta koma sifili, don haka 30,000 na iya zama 130,000. Na biyu, ajiya na lalata wannan mota fiye da tafiya. Man birki na shan danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko motar ba ta motsa ba. Ruwan da ya sha yana sa fistin ɗin birki tsatsa ya cije, yana kuma sa man ya tafasa da wuri a gangare, ka taka feda ta tafi ƙasa. Farantin kuloci na manne wa filawil. Fetur na tsufa ya zama danƙo a cikin kafireta. Famfon fetur na lantarki, wanda ya kamata ka ji yana tik-tik-tik da ka murɗa makulli, sai ya yi shiru don kwantak ɗinsa ya yi datti, har masu motar sun saba da ɗan ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukudireba ya farka.

Taya kuwa zanenta na iya zama sabo alhali robar ta bushe. Nemi lamba huɗu na ƙarshe a rubutun da ke gefenta: 2314 na nufin mako na 23 na shekarar 2014. In lamba uku ka gani, tayar ta girmi shekarar 2000, ta girme ni ke nan.

Wani abu ya ƙara wa mai saye nauyi. Tun Mayun 2018, motar da ta haura shekara 40 a Birtaniya, in ba a yi mata babban sauyi ba, an ɗauke mata gwajin lafiya na shekara-shekara da suke kira MOT. Tunda ta ƙarshe ta fito a 1980, yanzu duk sun shiga wannan sahu. Doka dai ta ce dole motar ta kasance lafiyayya in za ta hau titi, amma babu wanda ya wajaba ya leƙa ƙasanta. Masu hankali na kai tasu gwajin da kansu. Abin da ke daraja a wurinsu shi ne fayil: rasit na kowane juye, kwanan wata da lambar mita, da hotunan dokin ƙofa lokacin da yake a yanke kafin a rufe. Mota mai fayil mai kauri ta fi kuɗi, kuma da dalili, tunda hoton nan ne kaɗai shaidar abin da ke bayan fenti.

In kuwa aka ba ka wadda ta daɗe a ajiye aka ce ka tashe ta, kada ka fara da makulli. Cire fulogi, ɗiga ɗan mai a kowace silinda, bar shi ya kwana. Washegari juya injin da hannu, da sufana a kan notin karanshaf, ka tabbatar yana zagayawa ba cijewa. Zubar da tsohon mai da tsohon fetur, canza matacin mai da tiyon fetur, duba ruwan lagireto da tiyoyinsa. Sa batir ta fuskar da ta dace da shekarar motar. Fulogi na waje har yanzu, cire wayar kwayil, ka yi ta buga kik a taƙaice har allurar matsin mai ta motsa. Sannan ne za ka mayar da fulogi ka ba ta wuta, da abin kashe gobara kusa da ƙafarka. In ta tashi, bar ta ta yi zafi kana kallon agogo kana leƙa ƙasa ko wani abu na ɗiga. Ba ta fita ƙofar gareji ba sai an kwance birkin tayoyi huɗun an duba, an zuba sabon man birki, an kuma canza tayoyin.